Yadda Ake Manna Allon Jifsam a Bango da Fitar da Gurbin Soket

Duk wanda ya shiga sababbin gidajen da ake ginawa a Tumfure ko a bayan Pantami zai ga silin na jifsam ya zama ruwan dare a Gombe, amma kaɗan ne cikin masu gini suka san cewa allon da ake rufe sama da shi ana iya manna shi a jikin bango, ya tsaya a madadin filasta. Allon ba wani abu ba ne illa jifsam da aka matse tsakanin takardu biyu masu kauri, wato farin ma'adinin nan mai laushi da ake samu a ƙasar Nafada, wanda kuma ake zubawa a siminti domin kada ya yi saurin daskarewa. Wanda ya dace da bango shi ne mai kaurin milimita 12.5, faɗinsa mita 1.2, tsawonsa mita 2.4, nauyinsa kuwa ya kusa kilo 24. Akwai mai milimita 9 da 'yan kai, wanda ya fi araha, amma wannan na silin ne, kuma a jikin bango ba ya jure dukan kujera ko jinginar mutum.

Kafin a sayi ko da allo ɗaya, sai a fara duba bangon, domin ba kowane bango ne ke karɓar wannan aiki ba. Bulon siminti na inci 6 ko inci 9 wanda ya bushe sarai shi ne mafi dacewa, haka ma jan bulo da bangon da aka yi wa filasta mai ƙarfi. Ginin laka ba ya riƙe gam, domin fuskarsa ce za ta ɓanɓaro ta biyo allon. Bangon da ke tsotso ruwa daga ƙasa, wanda ake ganin gindinsa ya yi duhu ko ya fitar da farin gishiri a ƙarshen damina, shi ma ba a rufe shi sai an magance inda ruwan ke shigowa. Wanda ya rufe danshi da allo bai kore shi ba, ya dai ɓoye shi ne, kuma cikin damina ɗaya takardar bayan allon za ta yi fumfuna, sannan gara ta same ta. A banɗaki da wajen wanke-wanke na kicin ana amfani da allo mai koriyar takarda wanda aka yi domin jure laima, amma ko shi ba a sa shi inda ruwa ke zuba a kansa kai tsaye. Idan bangon yana da tsohon fenti ko farar ƙasa, dole a kankare duk inda gam zai zauna har a kai ga siminti, a share ƙurar da tsintsiya mai ƙarfi. Ginshiƙin kankare mai santsi kuwa sai an sassare shi da kurfi ko an shafa masa ruwan da ke sa gam ya kama.

Kayan aikin ba su da yawa: tef na awo, fensir, wuƙa mai sabuwar reza, siririn zarto mai tsinin baki na huda allo, cokalin gini, bokiti biyu, igiyar layi da alli, fulam mai ƙwayar ruwa, da dogon ƙarfen alminiyam miƙaƙƙe na kimanin mita 2 wanda magina ke kira renji. Gam ɗin gari ne na jifsam da ke zuwa a buhu, yawanci na kilo 25, wanda aka yi musamman domin manna allo. Garin P.O.P da ake zuba silin da shi ba ya maye gurbinsa, domin cikin mintoci kaɗan yake kamewa, ba zai ba mutum damar daidaita allon ba. A bango mai kyau buhu ɗaya yakan manna allo ɗaya da rabi zuwa biyu, a bango mai kwazazzabo kuwa ya fi haka ci. Allunan a kwantar da su a ƙasa mai lebur a kan katakai, nesa da ruwa, a kuma riƙa ɗaukarsu a tsaye ta gefe, mutum biyu. Allon da aka jingina da bango kwana uku yakan lanƙwashe, kuma ba ya sake miƙewa yadda ake so.

Aikin farko na gaske na mai wayarin ne. Duk wayar da za ta bi bango, da bututunta, da akwatin soket da na makunni, dole su kasance sun zauna kafin a kwaɓa gam. A nan ne ya kamata a tsaya a yi maganar wuta dalla-dalla, domin a garuruwanmu akwai wata al'ada mai haɗari ta ɗaukar cewa tunda an ɗauke wuta, to waya ta mutu. Wata rana muna aiki a wani gida a Jekadafari, na ce wa yaron da ke koyon aiki a hannuna ya je ya kashe babban makunni kafin mu kwance fuskokin soket, sai ya ce, "Maigida, ai tun jiya babu wuta a layin nan." Ban matsa masa ba, kuma laifin nawa ne. Muna tsakiyar zaro waya ta cikin gurbin da muka yanka aka kawo wuta, bakin wayar ya taɓa akwatin ƙarfe, tartsatsi ya tashi har ya ƙona gefen allon. Allah ya kiyaye, hannunsa yana kan roba. Tun daga ranar ban sake yarda da kalmar "babu wuta" ba. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma gida ɗaya yana iya samunta ta hanya uku: ta layi, ta janareta, da ta batirin sola. Saboda haka a kashe babban makunnin da ke akwatin rarraba wuta, a mayar da na'urar sauya layi tsakiya, a kashe inbata, a liƙa takarda a jikin akwatin cewa ana aiki, sannan a gwada kowane soket da na'urar gwaji mai baki biyu wadda aka riga aka tabbatar tana aiki. Sukundireban gwaji mai ƙaramar fitila yana ruɗi, bai isa a dogara da shi kaɗai ba. Bayan an cire fuskar soket, a rufe bakin kowace waya daban, a naɗe su a tura cikin akwatin. Kwancewa da mayarwa aikin mai wayarin ne, ba na mai manna allo ba.

Kafin a rufe bangon, a ɗauki hotonsa da wayar hannu, a sa tef na awo a cikin hoton. Bayan shekara biyu, lokacin da maigidan zai rataye talabijin ko labule, wannan hoton ne kawai zai nuna inda bututun waya ya bi. Ƙa'idar aikin wuta ita ce waya ta tashi daga soket ta miƙe sama, ko ƙasa, ko ta yi gefe a kwance, amma wanda ya daɗe yana shiga gidaje ya san ana samun wadda aka ratsa da ita a karkace domin a rage tsawonta.

Daga nan sai fitar da layi, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. A ɗora renji da fulam a jikin bangon wuri-wuri, a tsaye da a kwance, har a gano inda ya fi turowa waje, a yi masa alama. Daga wannan wuri ake lissafi: a ƙara milimita 10 na kaurin gam bayan an danne shi, a ƙara 12.5 na allo, sai a samu kimanin milimita 23. A nan fuskar allo za ta tsaya. A sauko da wannan awo ƙasa da fulam, a buga layin alli daga kusurwa zuwa kusurwa, a kuma maimaita shi a silin. Domin a tabbatar layukan bango biyu sun haɗu a kusurwa sosai, a auna santimita 60 a kan ɗaya, 80 a kan ɗayan. Idan tsakanin alamomin biyu ya ba da 100 cif, kusurwar ta yi daidai, kuma mai shimfiɗa tayil zai yi wa mutum addu'a. Idan aka tarar wani sashe na bangon ya shige ciki fiye da milimita 25 daga bayan allo, kada a ce za a cike da tulin gam, domin zai zame kafin ya kama. A fara manna gutsattsarin allo a wurin, a bar su su bushe, sannan a ɗora gam a kansu. Bangon da ya karkace ƙwarai kuwa ya fi kyau a kafa masa firam na ƙarfe a ɗaure allon da sukuru.

Wannan layi na ƙasa shi ne kuma zai faɗi makomar akwatunan soket. Mai wayarin da ya saba da filasta yakan dasa akwati ya turo kaɗan daga jikin bulo, amma yanzu fuskar bango za ta matso da milimita 23 ko fiye, don haka akwatin zai nutse ciki. Abin da ake so shi ne bakin akwatin ya zo daf da fuskar allo, ko ya gaza ta da milimita biyu zuwa uku, amma kada ya ɗara ta ko kaɗan, domin idan ya ɗara, fuskar soket ba za ta kwanta ba. A ɗora renji a tsaye a kan layin ƙasa a gaban kowane akwati a auna tazarar. Wanda ya nutse sosai a fasa gefensa a jawo shi waje a sake kama shi da siminti, ko a canza shi da mai zurfi. Ana samun akwatuna masu zurfin milimita 25, da 35, da 47, kuma a ganina na 35 ya fi dacewa da wannan aiki domin yana ba wayoyi wurin kwanciya. Idan nutsewar kaɗan ce, dogayen sukurori masu kaurin milimita 3.5 za su kamo kunnuwan akwatin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar rata mai faɗi tsakanin akwati da allo, wayoyi suna lilo a cikin kogon da ke bayan bango. A kuma duba da ƙaramin fulam cewa akwatin bai karkace ba, domin soket ɗin da ya kwanta gefe guda a kan bango mai santsi daga bakin ƙofa ake hango shi.

Yankan allo a miƙe abu ne mai sauƙi. A ja layi a fuskar allon, a ɗora renji, a bi da wuƙa sau ɗaya har ta yanke takardar, a ɗaga allon a buge shi ta baya ya karye a kan layin, sannan a yanke takardar bayan. A goge bakin da samfefa mai kaushi. Allo ba ya zama a kan daɓe, sai an ɗaga shi da kimanin milimita 10 zuwa 15 a kan gutsattsarin allo, domin ruwan mofa ko na ambaliya kada ya taɓa shi ya hau. Yawancin ɗakunanmu tsayinsu ya kusa mita 3, allon kuwa 2.4 ne, don haka za a buƙaci ciko. Kada a jera duk cikon a sama har gaɓarsu ta zama layi ɗaya da ya zagaye ɗakin. A sa cikon wannan a sama, na kusa da shi a ƙasa, kuma kada a ɗora na sama sai gam ɗin na ƙasa ya kama. A bakin ƙofa da taga kuma a guji sa gaɓar allo ta yi daidai da kusurwar, domin nan ne tsaga ke fara fitowa saboda bugun ƙofa. A yanka allon ya zagaye kusurwar.

Yanzu ga gurbin soket, inda yawancin masu koyo ke asarar allo. Akwatin soket mai baki ɗaya, wanda ake kira uku da uku a kasuwa, faɗinsa kimanin milimita 72 zuwa 75 ne kowane gefe, fuskar da ke rufe shi kuwa 86 ce. Mai baki biyu, wato uku da shida, faɗinsa ya kai kimanin 132 zuwa 135, fuskarsa 146. Wanda ya yi lissafi zai ga cewa abin da fuskar ke iya ɓoyewa bai wuce milimita 6 ko 7 a kowane gefe ba, wato bai kai faɗin fensir ba. Kuskuren da ya wuce haka zai bayyana, kuma cike shi da gari daga baya ba ya daɗewa, domin duk lokacin da aka zare filogi wurin yana motsi.

Awo huɗu ake ɗauka ga kowane akwati. Biyu na kwance, daga gefen allon da aka riga aka manna, ko daga layin kusurwa idan allon farko ne, zuwa gefen hagu da gefen dama na akwatin. Biyu na tsaye, zuwa ƙasan akwatin da samansa. Na tsayen nan ne ke da tarko, domin mutum yakan ɗora tef a kan daɓe ya manta cewa allon zai hau kan abin tokare, wato gutsuren allon nan da ake ɗaga shi a kai. Misali, idan ƙasan akwatin yana milimita 450 daga daɓe, kuma abin tokaren yana da kaurin 12.5, to a jikin allo alamar za ta faɗa a 437.5, ba 450 ba. Wanda ya manta ya ɗaga gurbin da fiye da abin da fuskar soket za ta rufe. Hanyar da ta fi tsaro ita ce a ajiye abin tokaren a wurinsa tun farko, a ɗora bakin tef a kansa a auna daga nan, babu sauran ragi. Akwai kuma matsalar daɓen da bai yi lebur ba: idan ƙasa ta gangara, a daidaita tokaren biyu da fulam tukuna, in ba haka ba allon zai tsaya daidai a tsaye amma awon ya sauya. Tarko na biyu shi ne juya allo. Ana auna bango ana fuskantarsa, saboda haka a fuskar allo ake zana awon, fuskar da za ta kalli ɗaki. Wanda ya kifa allon ya zana a bayansa, hagu ya koma dama, gurbin zai fito a ɗaya ɓangaren. Ni dai nakan jingina allon kusa da inda zai zauna, fuskarsa tana kallona, in rubuta "sama" a kansa kafin in taɓa tef.

Bayan an zana murabba'in, a ƙara masa milimita 2 a kowane gefe domin akwatin ya shiga ba tare da dole ba. A kwantar da allon a kan katakai yadda ƙarƙashin wurin yankan zai zama fili, a bi layukan huɗu da wuƙa domin takardar fuska ta yanke tsaf, sannan a soka tsinin zarto daga cikin murabba'in, a yi yanka zuwa layi, a bi shi a hankali. A kusurwa a tsaya a zare zarton a sake soka shi, kada a wuce layi, domin ɗan yankan da ya zarce kusurwa shi ne yake zama tsaga bayan an ɗaure soket. Idan gurbin ya faɗo kusa da gefen allo, ƙasa da santimita 5, siririn da ya rage zai karye wajen ɗauka; gara a sauya faɗin allon farko tun daga kusurwa domin soket ya faɗa cikin jikin allo.

Akwai wata dabara da ke aiki idan akwatin ya turo daga bango sosai. A shafa alli mai launi ko garin gawayi da aka ɗan jiƙa a bakin akwatin, a ɗora allon a kan tokarensa daidai inda zai zauna, a danna shi da tafin hannu a saitin akwatin, sai hoton bakin ya fito a bayan allon. Daga nan a huda kusurwoyi huɗun da ƙusa har su ɓullo ta fuska, a haɗa su da layi, a yanka ta fuskar. Tana da amfani musamman inda soket biyu da makunni suka taru wuri guda, amma tana buƙatar mutum biyu masu natsuwa, domin idan allon ya goga gefe kaɗan hoton ya ɓaci. Abin da ban ba kowa shawara ba shi ne a manna allon a rufe akwatin da niyyar a nemo shi daga baya da zarto. Ana yin haka a wasu wurare, amma bakin zarto ba ya bambance jifsam da rigar waya, kuma wayar da aka ɗan yanka a ɓoye ba ta nuna kanta sai ranar da ta yi zafi.

Ko ta wace hanya aka bi, a gwada allon a busasshe kafin a kwaɓa komai. A ɗora shi, a ga akwatin ya leƙo ta gurbin, a ga kunnuwan sukuru biyu suna fili, a ga gefen allon ya haɗu da na kusa da shi. Gyaran da zai ɗauki minti biyu yanzu, idan gam yana jikin bango sai ya zama tashin hankali.

Wajen kwaɓi, ruwa ake fara zubawa a bokiti mai tsabta, sannan a riƙa barbaɗa garin ana juyawa har ya yi kauri kamar tuwon da bai gama sandarewa ba, yadda idan aka ɗebo a cokali aka kifa ba zai zube nan take ba. Adadin ruwa da tsawon lokacin aiki suna rubuce a jikin buhu, kuma sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma a sani cewa ba da zafin Gombe na watan Maris da Afrilu aka auna su ba. A irin wannan lokaci, da kuma lokacin hunturu da iska ke busar da komai, a kwaɓa na allo ɗaya ko biyu kawai, a yi amfani da ruwan randa ba wanda ya kwana a tankin da rana ke duka ba, a kuma fara aiki da sassafe. Busasshen bulo yana zuƙe ruwan gam kafin ya kama, don haka a ɗan yayyafa masa ruwa ya yi sanyi, ba ya jiƙe sharkaf ba. Gam ɗin da ya fara tauri a zubar da shi. Ƙara masa ruwa yana mayar da shi laushi a ido, amma ƙarfinsa ya riga ya tafi. A wanke bokiti tas tsakanin kwaɓi da kwaɓi, domin ɓurɓushin tsohon yana sa sabon ya kame da wuri.

A jikin bango ake ɗora gam, allo ɗaya a lokaci guda. A zana iyakar allon a bangon, sannan a jera curi-curi masu tsawon cokalin gini, kimanin santimita 25, faɗinsu santimita 5 zuwa 7, kaurinsu ya ninka tazarar da ake son cikewa domin a samu abin dannewa. Allo mai faɗin mita 1.2 yana son layi uku a tsaye, ɗaya a tsakiya, biyu a gefuna, na gefen su ja baya da kimanin santimita 2.5 daga bakin allo domin gam kada ya matso cikin gaɓa. Tsakanin curi da curi a layi ɗaya a bar ɗan taƙi kaɗan, yadda idan an danne, gam zai taɓa aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na bayan allon. A gindin bango, da sama daf da silin, da kewayen ƙofa da taga, ba curi ake sawa ba, layi ake ja wanda bai yanke ba. Na gindin shi ne zai tallafi tayil ko katakon da za a bi gindin bango da shi, kuma shi ne ke hana kyankyasai da ɓeraye mayar da bayan allo gidansu.

Kewayen akwatin soket shi ma zobe ake yi masa cikakke, ba tare da giɓi ba, a ɗan nesa da bakinsa da kamar santimita 2 domin idan an danna kada ya cika akwatin. Dalilin zoben nan uku ne: yana hana allon lotsawa lokacin da ake ɗaure sukuru ko ake tura filogi, yana toshe hanyar ƙura da ƙwari zuwa cikin akwatin, sannan idan wani abu ya yi tartsatsi, ba zai samu iskar kogon bayan bango ba. Kafin a ɗora allon a cusa takarda a cikin akwatin, a liƙe ramukan sukuru da salatif, domin gam ɗin da ya bushe a cikinsu sai an sha wahala kafin a fitar da shi, wani lokaci har kunnen ya lalace.

Sai a ɗauko allon mutum biyu, a ɗora gindinsa a kan tokare a saitin layin alli, a zaro wayoyin ta gurbin idan dogaye ne, sannan a tura shi a hankali zuwa bango. A ɗora renji a kwance a fuskarsa a riƙa bugawa, daga ƙasa zuwa sama, har gindin ya zo kan layin ƙasa, saman kuma ya zo kan layin silin. Ba a dukan allo da guduma ko da dunƙulen hannu, domin wuri ɗaya zai shige ya bar kwari. A duba da fulam a tsaye, a duba da renji a kwance da kuma a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan a ɗora renjin ya haye kan allon da ya gabata domin a ga fuskokinsu sun zama ɗaya. A riƙa bugawa kaɗan-kaɗan, domin allon da ya shige fiye da kima ba a jawo shi baya. Idan an jawo, gam ya rabu da shi, sai dai a cire shi gaba ɗaya a kankare a sake sabo. A saitin soket a danna da tafin hannu a ga zoben ya kama ko'ina, a kwashe abin da ya matso cikin akwatin tun yana ɗanye, a cike duk wata 'yar rata da ke tsakanin bakin akwati da allo da ragowar gam ɗin. Tokaren ƙasa ba a zare su sai washegari.

Bayan kwana ɗaya sai a koma kan gaɓoɓi. Gefunan allo na tsawo an ɗan fiƙe su tun daga masana'anta domin su ba da wurin tef da garin cike gaɓa. A shafa garin, a kwantar da tef na takarda ko na raga, a danne shi da wuƙar shafi, a bar shi ya bushe, sannan a ƙara shafi biyu, kowanne ya fi na baya faɗi. Gaɓar da aka yanka da wuƙa ba ta da wannan fiƙewar, don haka a faɗaɗa shafinta sosai domin tudun ya ɓace. Kusurwoyin da suka turo waje a sa musu ƙarfen kusurwa. Wajen gogewa da samfefa a sa takunkumi, a kuma kula kada a cinye takardar allon. A fara da fentin share fage kafin na ado, in ba haka ba gaɓoɓin za su riƙa nunawa ta cikin fenti idan hasken taga ya faɗo a kansu.

Mai wayarin zai dawo bayan fenti ya bushe, ya zare takardun da aka cusa, ya share akwatin, ya duba rigar kowace waya, ya haɗa wayar ƙasa, wato ta kariya da ake kira earth, da jikin akwatin idan na ƙarfe ne, sannan ya ɗaure fuskar. A ja hankalinsa ya ɗaure sukurori biyun bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, ya tsaya da zarar fuskar ta kwanta, domin wanda ya saba da bangon siminti yakan matse har allon ya fashe. Maigidan kuma a sanar da shi cewa akwai kogo a bayan allon: hoto da agogo za su zauna da ƙananan maƙalai na allon jifsam, amma talabijin, da na'urar sanyaya ɗaki, da kabad ɗin kicin, dole sukurorinsu su ratsa allon da kogon su shiga cikin bulo da aƙalla santimita 5, kuma kafin a huda a buɗe hoton nan da aka ɗauka a ga inda waya ta bi.